Idon da Muttaka Ya Sayo wa Jirginsa

Akwai wani dattijo a unguwar Hindawiyya ta Makka ana kiransa Muttaka, tsohon direban tasi, haifaffen Makka, jikan Kanawa. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse Riyad da Dammam, gidansa ya yi shirun da har firji in ya yi ƙara sai ya amsa masa.

Abu biyu suka rage masa: ɗan jirgin ruwan da ya ajiye a bakin tekun Shu'aiba, da amininsa Dawuda, wani Badamagare tela da ke zaune a unguwar Nakkasa.

In sun fita kamun kifi, Muttaka ne a baya riƙe da inji. Dawuda kuwa a goshin jirgi, yana kallon launin ruwa. Tekun nan cike yake da duwatsun murjani, masu tasowa tsaye kamar katanga daga ƙarƙashi. Da ruwa ya fara yin kore sai Dawuda ya daka tsawa: "Hagu, Bakano! Ba titin Mansur kake ba!"

Matsalar Dawuda ɗaya ce, bakinsa ba ya da birki. Wata rana a wurin shan shayi ya ce wa jama'a, "Wannan da ba don ni ba, ko kifin gwangwani ba zai kama ba."

Aka yi dariya. Muttaka ma ya yi, amma ta haƙora kawai.

Kwana kaɗan sai ga shi a Jidda, shagon kayan jirgi na wani Hisham, shi ma jinin Hausawa ne, Hausarsa rabi Larabci.

Hisham ya baje masa na'urorin gano kifi, kowace da allonta. Ya ce, "Ya ammi, allon ba shi ne aikin ba. Wannan ɗan abin da ake ɗaurewa cikin ruwa, shi ne ido. Yana aika sauti ƙasa, sautin ya dawo, ya faɗa maka zurfi da kifi. Akwai mai kallo da faɗi, na ruwa mara zurfi. Akwai mai kallo siriri, na can tsakiyar bahar. Kai ina kake kamu?"

"Wanne ya fi gani da nisa?"

"Siririn. Amma wurinku murjani ne, mai faɗin ya fi dacewa."

"Ba ni siririn."

"Tayyib. Amma ka sani a bayan jirgi ake ɗaure shi. Ƙarƙashinsa kawai yake gani. Wa ke zauna maka a gaba?"

Muttaka ya gyara zaman hularsa. "Ai shi na zo sayen magajinsa. Wannan yana surutu?"

"La wallah, sai dai ƙara."

"Halas. Ƙunshe mini."

Daga ranar ya daina ɗaukar wayar Dawuda. Ta yi ta ruri, yana kallon sunan har kiran ya katse. A ransa ya ce bari tela ya ɗan ji jiki, in na cika sanduƙi da kifin hamur na kai masa har ƙofa.

To, gaskiya idon yana aiki. Masu ba da labari sun ce har wani kifi ya nuna masa yana hamma. Sai dai Muttaka ya gano teku yana da faɗi ƙwarai in babu mai zaginka a cikinsa. Ya kama kifi babba, ya ɗaga kai zai yi gori, babu kowa a goshin jirgi sai igiya. Ya zuba shayi kofi biyu bisa sabo, ya shanye duka.

Wata hantsi yana tafe, idonsa a kan allo, allo na cewa ruwa zurfi ne sosai, sai ya ji ƙarrrr! Goshin jirgi ya hau murjani. Ya sake duba allon, har yanzu zurfi yake faɗa, kuma bai yi ƙarya ba. Bayan jirgin yana kan zurfi. Gaban ne ke kan dutse.

Nan ya zauna yana kwalfe ruwa da butar shayi, rana na gasa shi, har wasu masunta suka janyo shi.

Da gari ya waye bai nemi mai gyara ba, Nakkasa ya nufa. Ya hau tudun unguwar da ƙyar, ya tarar layin su Dawuda ya zama fili, an rushe. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a gindin tudun, Mailafiya, ta gane shi.

"Alhaji, sai yanzu? Ai Dawuda ya koma Damagaram. Gida ya tafi, iƙamarsa, takardar zama, ta ƙare. Ya yi ta kiranka, ba wani abu yake so ba. Cewa ya yi ku fita teku sau ɗaya kafin ya tafi."

Ta karanto masa sabuwar lambar.

Yanzu in ka je Shu'aiba za ka ga wani dattijo da jirgi mai faci, ya koma ya sayi ido mai faɗi, ba ya nisa da gaɓa don kada waya ta yanke. A goshin jirgin ya ɗaure wayar da roba, kiran bidiyo a kunne, tana fuskantar ruwa. Dawuda ba ya ganin komai a cikinta sai haske, amma hakan bai hana shi ihu daga Damagaram ba:

"Hagu, Bakano!"

Muttaka kuwa, ko allo ya ce hanya lafiya, sai ya karkata hagu.

Darasi: Na'ura za ta faɗa maka zurfin inda kake, amma mutumin da ke zaune a gabanka shi ke hango maka dutse. Kada zafin wasa ɗaya ya sa ka ƙi ɗaukar wayar amininka, ba ka san wane kira ne na sallama ba. Ku tura wa wanda kuka daɗe kuna share kiransa, in ya amsa ku jure surutun.