Mahautan Lambun Iya Larai

Akwai wani saurayi a Gaya mai suna Sharfaddeen, yana digiri na biyu a kan ƙananan halittu. Aikinsa tattara dodon koɗi, ya auna katantanwarsu, ya ware kowanne da danginsa. Malaminsa ya gaya masa in damina ta ɗauke bai kawo su da rai ba, sai ya maimaita shekara.

Sati uku yana yawo a fadamun Ajingi kafin ya tara ƙanana guda talatin a robar fenti.

Ranar ƙarshe ya shiga lambun wata tsohuwa, Iya Larai. Ya ɗaga ruɓaɓɓen ganye, sai ga wasu 'yan sirara, katantanwarsu fara tas, jikinsu ja kamar manja. Ya kwashi goma zai zuba a robar.

Iya ta ce, "Ɗan nan, kada ka haɗa su! Waɗannan mahauta ne, 'yan uwansu suke ci. Su ke min gadin salak."

Ya yi dariya. "Haba Iya, masu cin nama sai can kurmi. Littafi ya faɗa."

"Littafin ya taɓa zuwa lambuna?"

Ya zuba, ya rufe, ya wuce bikin abokinsa a Kano.

Jama'a, bayan kwana takwas ya buɗe roba. Innalillahi! Katantanwa ce fayau, babu kowa a ciki. Ga wani ɗan siriri ya zura kai cikin na ƙarshe yana ci hankali kwance. Ga ruwan damina ya fara ja baya.

Ko karyawa bai yi ba ya hau babur sai Ajingi. Ya durƙusa a bakin lambu.

Iya ta kalle shi ta ce, "Ɗan boko, mahautan sun yi aiki ke nan?"

"Sun yi, Iya. Ki yafe min."

"Tashi, ba ni ka yi wa ba."

Ta ja shi kwari-kwari, ta nuna masa inda kowane iri yake ɓuya da inda yake ƙwai. Cikin kwana huɗu ya mayar da abin da ya rasa, wannan karon kowa da gwangwaninsa.

A makaranta suka sa ɗan siririn a madubin ƙara girma. Haƙoransa zara-zara kamar allura! Malamin ya bincika littattafai, ya aika wa masana hotuna. Bayan watanni amsa ta zo: ba a taɓa rubuta irinsa ba. Malamin ya miƙe tsaye yana "Allahu Akbar! Sai ka raɗa masa suna!"

Sharfaddeen ya sa masa sunan Larai, ya kai mata takardar da aka buga sunan har lambu, ya karanta mata.

Ta riƙe haɓa. "Oh ni! Mutane suna samun takwara a jikoki, ni tawa a ƙarƙashin ganye take. To, Allah Ya raya. Amma ka gaya wa masanan naku, nawa na lambu kada wanda ya taɓa min."

Darasi: Allah bai tara ilimi a wuri ɗaya ba. Wanda ka raina don bai riƙe biro ba, wataƙila abin da kake nema yana bakinsa. Ku tura wa 'ya'yanmu 'yan makaranta su karanta, Allah Ya ba mu ilimi mai amfani da ladabin ɗaukarsa.