Barcin Rabe a Reshen Rimi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, wannan kaɗan ne daga abin da idanu suka gani na karamomin shehinmu, malamin malamai, faƙihi, zahidi, mai tsantseni a cinsa da maganarsa, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a zauren ƙasa a wani ƙauye tsakanin Dayi da Malumfashi yana karantar da Alƙur'ani da fiƙihu, har gemunsa ya yi fari fat ba a taɓa jin ya ɗaga murya a kan kowa ba. Ba zan kama sunansa ba, domin ya hane mu tun yana raye, kuma haninsa bai mutu da shi ba. Allah Ya haskaka makwancinsa.

A cikin masu ɗaukar karatu a gabansa bayan sallar asuba akwai wani dattijon manomi ana ce masa Mati, mutum mai sanyin hali wanda ciwon gwiwa ya daɗe da lanƙwasa masa tafiya. Mati yana da ƙane guda, Rabe, uwa ɗaya uba ɗaya, shi kaɗai ya rage masa a duniya cikin waɗanda suka sha nono ɗaya. Sana'ar Rabe zuma ce. Yakan saƙa amya, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, sannan ya hau da ita can ƙololuwar itace inda ƙudan zuma za su so ta, kuma duk yankin an san inda ƙafar wasu ta tsaya nan tasa take farawa. Mutum ne mai fara'a da kyauta, sai dai taurin kai, wanda in ya ce gabas ko alƙali sai ya haƙura.

To, Rabe sai ya gamu da juwa. Ba irin jirin yunwa ko na rana ba, wanda mutum zai zauna ya sha ruwa ya wartsake. Shi nasa, da zarar ya juya a shimfiɗa ko ya ɗaga kai ya dubi sama, sai ɗaki ya kama zagayawa da shi, zuciyarsa ta tashi, gumi ya keto masa, ya dafe ƙasa yana salati har abin ya lafa. Ƙauye kuwa ba a rasa likitoci, in dai ciwon ba a jikinsu yake ba. Wanzami ya kafa masa ƙaho a ƙeya, ya ji dama-dama kwana kaɗan, abin ya dawo. Wata gwaggonsu ta ce jini ne ya yi ƙasa, aka dura masa jiƙe-jiƙe da maganin ƙarin jini har ya ƙi jinin ganin kwalba. Waɗansu suka ce ai mai yawan hawa rimi dole wata rana mutanen ɓoye su shafe shi, aka lulluɓe shi da bargo aka yi masa hayaƙi, ya fito da tari a kan juwarsa.

Da Mati ya kai shi gaban Malam, Allah Ya ƙara masa yarda, bai yi doguwar magana ba. Ya dafa kansa ya yi masa addu'a, sannan ya ce, "Wanda Ya saukar da cuta Ya saukar da magani, kuma Ya raba saninsa a tsakanin bayinsa. Ku je asibiti."

Suka tafi Funtuwa. Likitan ya auna jininsa ya ce lafiya lau, ya kwantar da shi yana kallon yadda ƙwayar idonsa ke rawa, sannan ya gaya musu cewa ciwon a can cikin kunne yake, wasu 'yan tsakuwoyi ne da ido ba ya gani suka gusa daga mazauninsu. Ya kama kan Rabe ya juya shi gefe, ya dakata, ya sake juyawa, ya mirgina shi, ya tashe shi zaune. Rabe ya yi amai, ya rantse ba zai sake yarda ba, amma da gari ya waye sai ga shi yana ɗaga kai yana kallon tsuntsaye kamar ba shi ba. Likitan ya ce in ta dawo shi ma ya dawo, aikin ɗan lokaci ne. Ya kuma ja masa kunne a kan ƙwayar juwa da ake sayarwa a kemis, ya ce tana dusashe abin ne kawai ba ta kawar da shi, ga ta da sa barci, kada ya kuskura ya sha ta ya hau babur, balle itace.

Damina ta wuce lafiya, aka yi kaka, aka cire auduga. Da rimi ya fara fure, lokacin da ƙudan zuma ke yawon neman gida, sai juwar ta fara leƙo shi da sassafe. Mai amya kuwa in ya bar wannan lokaci ya wuce, ya bar shekara. Rabe ya ce Funtuwa ba gudu za ta yi ba, ya aika Dayi aka sayo masa ƙwayar.

Ranar da abin ya faru, Mati ne ya raka shi babban rimin da ke bakin gonar audugarsu don ya riƙe masa igiya. A gindin itacen ya ga Rabe ya ɓare ƙwaya biyu ya watsa a baki, ko karin kumallo bai yi ba.

"Rabe, ba wannan ce likita ya hana ba?"

"Yaya, ɗaya tana rage ta, biyu sai ta kashe ta gaba ɗaya. Kafin ta narke ma na sauko."

"Ka bari sai gobe mana."

"Gobe ƙudan suna amyar wani."

Ya tuɓe takalmi ya kama turakun da ya kakkafa a jikin rimin kamar matakala, ya wuce tsohuwar amyarsa mai cike da ƙuda da ke reshen ƙasa, ya yi ta hawa har ya koma ƙarami a idon Mati. Ya zauna a wani reshe da ya miƙe yamma, ya jawo sabuwar amyar da igiya. Sai ya ɗaga kai don ya ɗaure ta a reshen da ke samansa.

Mati ya ga hannuwan Rabe sun saki. Amyar ta sulluɓo da igiyarta, ta daki tsohuwar amyar ta fasa mata baki, ƙuda suka tashi baƙi ƙirin suka kewaye gindin itacen da tsakiyarsa. Mati ya ja gwiwarsa da ƙyar ya koma nesa, harbi a wuya da kunne, ya ɗaga kai. Rabe ya kife rubda ciki a kan reshen, ya rungume shi, kumatunsa a manne da ɓawon.

"Yaya, itacen yana juyawa."

"Ba ya juyawa. Riƙe, kada ka motsa kai."

"Yaya, idona yana rufewa."

Wannan kalma ita ta tsinka wa Mati zuciya, don ya san ba juwa ce ke magana ba, ƙwaya ce. Ya yi ta kiran sunansa, Rabe yana amsawa, amsar tana yin ƙasa, har ta ɗauke. Yana kallo hannun dama ya zame ya yi lilo, na hagu ya bi shi, ƙafafu suka saki. Ƙaninsa yana barci a kan reshen da bai fi faɗin sirdin jaki ba, ba abin da ke tsakaninsa da saiwoyin rimi sai iska.

Masu aiki a gonakin kusa suka taru. Wasu samari biyu suka rufe fuska da rawani suka nufi turakun, ƙuda suka koro su fuska a kumbure. Wani ya ce a yi hayaƙi, wani ya ce hayaƙi sama zai kora su, kan Rabe. Aka ce a jibge buhunan auduga a ƙasa, amma ba mai iya kusantar gindin da kaya a ka. Masu cewa a haɗa baki a ƙwala masa kira ya farka suka fara rinjaye, Mati kuwa sai Innalillahi yake maimaitawa.

Ana cikin haka ya hangi farar riga tana ratso karan auduga. Malam ne, da sandarsa, mu ɗalibansa muna biye. Ba wanda ya aika masa. Muna tsakiyar karatun hantsi ya rufe littafi, ya ce a miƙo masa takalmansa, ya kama hanyar gona, mu kuwa ladabi ya hana mu tambaya.

Ya dubi sama sau ɗaya, ya dubi jama'a ya ce, "Kada wanda ya tashe shi. Ku bar shi ya yi barcinsa."

Daga nan ya miƙa mini sandar, ya taka a hankali ya shiga cikin ƙudan kamar mai shiga ɗakinsa. Suka sauka a rawaninsa da gemunsa da bayan hannunsa, bai kore ko ɗaya ba, kuma wallahi ba mu ga ya ko ƙifta ido don zafi ba. Ya isa gindin rimin, ya ɗora tafinsa na dama a jikinsa, ya sunkuyar da kai, leɓɓansa suna motsi.

Haka aka tsaya. Rana ta hau, inuwa ta tattare ta koma gindin itace, tsoho yana tsaye bai sauya ƙafa ba. Iska ta taso har sau da dama, reshen ya yi ta rausaya, jikin Rabe ya karkata gefe har rigarsa ta zazzago, mata daga nesa suka rufe idanu, amma bai faɗo ba. Mati ya daina kallon sama ma, ya koma kallon tafin nan, domin zuciyarsa ta gama yanke cewa muddin hannun Malam yana jikin rimin, ƙaninsa yana raye. Ba shi kaɗai ba, duk wanda ke wurin abin da ya ƙudurta ke nan.

Sai kiran sallar azahar ya taso daga ƙauye.

Malam ya ɗago kai yana amsa wa ladan. Mati ya gane abin da zai biyo baya, ya manta da gwiwa, ya manta da ƙuda, ya kutsa har gabansa ya zube, ana harbinsa bai sani ba.

"Allah Ya gafarta Malam, kada ka ɗaga. Don girman Allah kada ka ɗaga. Akwai sauran lokaci, a jinkirta ta kaɗan. Shi kaɗai gare ni."

Malam ya dube shi da tausayi, ya ce, "Mati, tafin tsoho ne kake zaton yana riƙe da ɗan'uwanka? Mai riƙe da shi ne Yake kira. Tashi mu amsa."

Ya ɗauke hannunsa.

Malam bai waiwaya ba, ya fito fili, ya karɓi ruwa a jarkar manoma ya yi alwala, muka yi, aka ja sahu a kan kunyoyin auduga. Rimin yana yamma da mu, alƙibla tana gabas, wato duk mai sallah sai ya juya wa Rabe baya. Mati ya ce a rayuwarsa bai taɓa ɗaga kaya mai nauyin hannuwansa a kabbarar nan ba.

Azahar kuwa sallar asirce ce, ba karatu a bayyane da zai rufe kunne, ga Malam da doguwar tsayuwa. Mati yana jin komai a bayansa, kaɗawar reshe, gunjin ƙuda yana raguwa, wani abu kamar gogar ɓawo. Ya karanta Fatiha yana hawaye bai san inda ya tsaya ba. Muna sujada a raka'a ta uku sai ya ji tim, abu mai nauyi ya taɓa ƙasa a gindin rimin. Goshinsa yana kan ƙasa, ya ji duniya ta yi masa duhu, wuyansa yana fizgarsa ya juya. Malam ya yi kabbara da muryar nan tasa da ba ta sauyawa, Mati ya danne zuciyarsa ya bi shi, yana cewa a ransa, Ya Allah, Naka ne, in Ka karɓa Naka Ka karɓa.

Aka yi tahiya, Malam ya sallame. Mati ya sallame, ya kasa juyawa, sai da ya ji sahu ya ɗauki salati ƙasa-ƙasa sannan ya dubi hagunsa. A ƙarshen sahu wani mutum ba takalmi, da ƙurar taimama a fuska da shatin ɓawon itace a kumatu, ya miƙe yana rama raka'o'in da suka wuce shi. Rabe ne. Ƙarar da aka ji tasa ce, lokacin da ya diro daga turke na ƙarshe. Mati ya zauna yana kallon ƙaninsa yana ruku'u, yana kai goshi ƙasa, yana ɗagowa, bai ko tangaɗa ba, har ya sallame. Sannan ya rarrafa ya kama ƙafarsa ya riƙe.

Rabe ya ce shi dai ya farka ne ya ga sahu a ƙasa, ya ji kunyar a yi sallah yana kwance, ya sauko, ƙudan kuwa sun dunƙule a bakin amyarsu ko ɗaya bai bi ta kansa ba. Malam bai bari an yi ta maimaita zancen a gabansa ba. Ya karɓi sandarsa ya ce wa Rabe, "An yi maka rangwame yau, kada ka mai da shi jari. Gobe ka koma wa likitanka." Rabe ya koma Funtuwa, likita ya sake juya masa kai, ya samu sauƙi, kuma har yau takan leƙo shi jefi-jefi ya je a gyara. Bai sake hawa itace ba, amyoyinsa yanzu a kan gwafa suke, daidai ƙirjin mutum.

Wannan shi ne shehinmu, wanda bai taɓa yarda a jingina masa abin da yake na Ubangijinsa ba, ko da na tsawon sallah ɗaya ne. Ya Allah, Ka yalwata kabarinsa, Ka ɗaukaka darajarsa a cikin salihan bayinKa, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma da muka zauna a gabansa ba mu kai ƙurar takalminsa ba, kada Ka hana mu albarkarsa duniya da lahira. Amin.