Lauje a Kan Kabarin Baba

Akwai wani malamin firamare a garin Yeongju na Koriya ta Kudu, sunansa Pyo Byeong-ho. A cikin aji furfura ta same shi, kuma a wannan shekarar ake sa ran za a ba shi muƙamin mataimakin shugabar makaranta. Mutum ne mai sanyin hali, ko yaro bai iya ɗaga wa murya ba.

Yana da ƙane, Dal-ho, mai gidan gashin nama. Shi kuwa Dal-ho irin mutanen nan ne da in abu ya lalace musu sai sun nemo wanda za su ɗora wa. Da ciniki ya ja baya, bai tsaya duba naman da yake gasa wa mutane ba, sai ya nufi wurin mai duban ƙasa. Mutumin ya ce masa ruwa ne ya kwanta a ƙarƙashin kabarin mahaifinsu, shi ya toshe masa arziki, sai an tono an canza wuri.

Byeong-ho ya ce ba da shi ba. Baba da kansa ya zaɓi gangaren dutsen nan tun yana raye.

Ana gab da Chuseok, bikin kaka, suka hau dutsen don yanke ciyawar kabari kamar yadda suka saba kowace shekara. Byeong-ho na riƙe da lauje, ya zuba giyar shinkafa a ƙoƙo ya ajiye wa Baba. Nan Dal-ho ya tayar da maganar.

"Yaya, kai albashinka na shiga ko ana ruwa ko ana fari. Ni fa? In zuba ido in mutu saboda tsoho na kwance cikin taɓo?"

"Dal-ho, a gaban Baba muke. Rage murya."

"Baban da ya kai ka jami'a, ni ya bar ni da gawayi?"

Dal-ho ya sa ƙafa ya shure ƙoƙon. Byeong-ho bai san lokacin da ya ture shi da hannun hagu ba. Dal-ho ya faɗi, gwiwar hannunsa ta ɗan kurje. Wallahi iyakar abin da ya faru ke nan.

Daga dutsen bai zame ko'ina ba sai ofishin 'yan sanda. Wani dattijon ɗan sanda ya saurare shi, ya ce, "Da ya ture ka, akwai wani abu a hannunsa?"

"Lauje!"

"Ya ɗaga maka shi?"

Dal-ho ya san laujen na kallon ƙasa, a hannun dama, ko motsi bai yi ba. Amma so yake yayan ya tsorata.

"Ya ɗaga."

"Malam, yayanka ne fa. Je ka gida ka huce, gobe ka dawo."

"Yallaɓai, rubuta kawai."

Lissafinsa shi ne, da yaya ya amince a tono kabari, sai ya koma ya janye ƙarar.

Abin da bai sani ba, in aka buɗe bincike a kan malamin gwamnati, 'yan sanda kan sanar da wurin aikinsa. Kafin a dawo hutun biki, shugabar makaranta ta kira Byeong-ho ta ce ya miƙa ajinsa ga wani har a gama. Zance ya faɗa wayoyin iyayen yara. Mutumin da ya koya wa rabin unguwar karatu ya koma "malam mai lauje".

Mahaifiyarsu ta kira Dal-ho tana kuka. "Ɗan nan, abincin yayanka za ka zubar? Tashi ka je ka janye, tun ina da rai."

Ya tafi da sauri, ya tarar da dattijon nan.

"Na zo janyewa. Mun shirya a gida."

Ɗan sandan ya girgiza kai. "Da turewa ce kawai, da ka ce ka yafe an rufe. Amma ka ce makami ya ɗaga maka. Wannan ta fita daga hannunka, tana gaban mai gabatar da ƙara."

Hanya ɗaya ta rage wa Dal-ho, ya fito ya ce ƙarya ya yi, laifin ya dawo kansa. Ya tsaya ya tsaya a bakin ƙofa, sannan ya sa kai ya tafi gida. Nan ne ni dai na fi jin haushinsa.

Kotu ta ci Byeong-ho tara. Maganar ƙarin girma ta bi ruwa. Da ya koma aiki, iyaye suka yi ta zuwa suna neman a cire 'ya'yansu daga ajinsa. Wata ƙaramar yarinya da ya miƙa hannu zai gyara mata jaka ta ja da baya tana kare fuska. A ranar ya ajiye aikin. Yanzu gadin wani rukunin gidaje yake yi, yana ware shara yana buɗe wa motoci ƙofa.

Da sanyi ya wuce, shi ya kira ƙanen da kansa. "Kabarin nan, ka tono."

Masu haƙa suka zo. Suka haƙa har suka kai ga akwatin. Ƙasa ja, busasshiya ƙamas, babu ko ɗigon ruwa.

Dal-ho ya zube a gwiwa. "Yaya, ka yafe mini. Yaya, ko marina ne ka yi."

Byeong-ho ya dubi hannayensa biyu, ya mayar da su aljihu.

"A'a. Ka dai gaya wa masu haƙa ba ni da komai a hannu."

Ya juya ya gangara, don da rana zai karɓi gadi.

Darasi: Kada fushi ya sa ka kai ɗan'uwanka ƙara don ka tsorata shi, balle ka ƙara gishiri a kan abin da ya faru. Maganar da ka faɗa a gaban hukuma ba lallai ta dawo hannunka ba, kuma tana iya cin aikin mutum da sunansa. Ku tura wa 'yan gidanku, wataƙila akwai mai shirin fita da fushi yau.