Shunayya a Hannun Mai Lambu

Akwai wani mutum marini, gidansa na kan tudu a gefen gari, rafi kuma yana wucewa ta bayan katangarsa. Ya gaji rini wurin mahaifinsa, ya kuma gaji wani rami mai zurfi a ƙuryar gida, nesa da rijiya, inda ake zuba ruwan rini in an gama aiki.

Wata shekara, Kirsimeti ya matso, sai matan zumunta na ikilisiyarsu suka kawo masa farin yadi tuli guda, suka ce anko suke so, launin shunayya, wanda ba a taɓa ganin irinsa a garin ba. Marinin ya ji daɗi ƙwarai. Ya sayo garin rini na kanti da soda mai ƙarfi, ya hura wuta, ya kama aiki ba ji ba gani. Ba a daɗe ba ramin ya cika fal. Haƙa wani rami kuwa aiki ne, ga shi mata sai aike suke yi, ko an gama? Sai ya ɗauki diga, ya huda rariya a gindin katanga, ruwan ya sami hanya ya gangara rafi. Ya ce a ransa, "Ai rafi tafiya yake yi, zai kwashe." Bai leƙa bayan katangar ba, gama ya san abin da ba ya so ya gani.

To, a gangaren rafin akwai wata tsohuwa gwauruwa mai ɗan lambu. Da rani takan ɗebi ruwan rafin da ƙwarya ta ba alayyafo da tumatir da albasa. Da lambun nan take ci, da shi take riƙon jikokinta marayu. Kowace shekara kuma ita ce ke kawo ganyen miyar bikin Kirsimeti, ba a taɓa roƙonta ba.

Ranar biki ta zo, mata suka shigo majami'a cikin shunayya, suna waƙa suna rausaya. Kowa sai yabon marini yake yi, shi kuwa yana ta sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, alhali zuciyarsa fari fat. Da aka tashi sujada aka zauna cin abinci, sai tsohuwar nan ta miƙo masa akushin tuwo. Tana sanye da tsohon zanenta. Ya dubi hannuwanta, sai ya ga sun rine har wuyan hannu, fatar duk ta tsattsage. Launin kuwa ya san shi sarai, gama shi ya haɗa shi.

Ya yi ƙarfin hali ya ce, "Mama, yaushe kika fara rini, ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Ina ni ina rini, ɗana? Ruwan rafi ne ya juye haka. Na yi ta ba shukar, ina cewa ko zai washe, har ganyen suka ƙone ƙurmus. Ka yi haƙuri da miyar bana, kuka ce, ban sami abin kawowa ba. Amma kai, ankon matan nan ya yi kyau. Allah ya yi wa hannunka albarka."

Marinin ya kasa kai loma baki. Kunya ta rufe shi, baƙin ciki ya cika shi. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya ajiye akushin ya ce, "Mama, ni ne na kashe miki lambu."

Kashegari ya toshe rariyar, ya haƙa sabon rami. Ya riƙa jan ruwa a rijiyarsa yana kai mata, suka kwashe ƙasar da ta lalace, suka sake shuka. Tsohuwar ta gafarta masa tun a ranar farko, amma amfanin ranin nan ya riga ya tafi, marinin ne ya ciyar da gidanta har sabon ganye ya fito.

Ma'anar wannan misali ita ce: marinin nan mu ne, masu rini da masu ɗinki da masu saye da masu sawa. Katangar ita ce iyakar abin da muka yarda mu gani. Muna son sabon anko kowane biki, muna son shi da wuri, muna son shi da araha, ba ma tambaya ko ina ruwansa ya zuba, ko wa ya sha wahalarsa. In ya tsufa kaɗan kuma mu jefa a kwata, ya je ya toshe wa wani hanyar ruwa. Ubangiji ya ba mu ƙasa da ruwa amana, ya kuma umarce mu mu ƙaunaci maƙwabci, har da wanda yake can gangare, wanda ba ma jin kukansa. Ado ba zunubi ba ne, 'yan'uwa. Amma kafin ka tsaya gaban Allah da sabuwar riga, zagaya bayan katangarka ka duba, gama a ranar shari'a zai dubi hannuwan gwauruwar kafin ya dubi rigarka.