Ajin Ƙarshen Baranda

Akwai wani shugaban makarantar firamare ta gwamnati da malamansa ke kira Ɗari-bisa-ɗari a bayan idonsa. Ba ya buɗe baki a taro bai ambaci sakamakon jarrabawa ba. Mutum ne mai ƙwazo, wannan kam ba a hana shi, sai dai yana ji da kansa ƙwarai.

A lokacin hukumar ilimi ta yankin ta matsa wa shugabannin makarantu lamba, saboda yara suna faɗuwa jarrabawar shiga sakandare. Kowa ya shiga neman mafita. Shi kuwa ya samo tasa cikin sauƙi.

A ƙarshen barandar makarantarsa akwai wani ɗaki da ake jibge karyayyun benci. Ya sa aka share shi. Ya yi wa 'yan aji shida gwaji, duk wanda bai taɓuka abin kirki ba aka kai shi can. Ya raɗa wa ɗakin suna Ajin Ƙarfafawa, amma bai ba shi malami ko ɗaya ba. Da lokacin rajistar jarrabawa ya zo, ba a saka yaran ɗakin ba. Aka ce su jira baɗi.

Malamar lissafi ce kaɗai ta same shi a ofis.

"Ranka ya daɗe, yaran nan ba daƙiƙai ba ne. Wasu karatu ne bai zauna musu ba, wasu ko allon ba sa gani daga baya. A ba ni su da rana in gwada."

Ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Malama, ni maki aka ce in kawo, ba tausayi ba. Idan kina son renon yara, ki buɗe gidan reno."

Da ta sake tayar da maganar a taron malamai, ya sa aka yi mata canjin wurin aiki.

Sakamako ya fito, makarantarsa ta zo ta ɗaya. To ina za ta ƙi, tunda an ɓoye duk wanda zai iya faɗuwa? Aka yi masa ƙarin girma, ya zama mai duba makarantun yankin baki ɗaya. A taron farko ya koya wa shugabannin makarantu dabarar, yana bubbuga tebur. Kafin shekara ta zagayo, kusan kowace makaranta ta yi nata ɗakin.

A gida yana da 'yar auta mai shiru-shiru, tana aji shida a makarantar da ke kusa da unguwarsu. Mahaifiyarta ce ta kai ta tun farko, ita ce kuma mai zuwa taron iyaye. Shi iyakarsa ya tambaya yana cire takalmi, "Auta, ya karatu?" Ta ce, "Lafiya lau, Baba." Shi ke nan.

Wata rana zagayen aiki ya kai shi wannan makarantar. Sabon shugabanta ya tarbe shi da rawar jiki, ya zagaya da shi azuzuwa, sannan ya ja shi ƙarshen baranda.

"Ranka ya daɗe, ga namu Ajin Ƙarfafawar, yadda ka koya mana. Mun tace su tsaf. An rufe rajista makon jiya, babu ko ɗayansu a ciki. Bana sai dai mu zo na ɗaya."

Ɗari-bisa-ɗari ya tura ƙofar.

Ɗakin ba haske sosai, taga ɗaya an toshe ta da kwali. Yara sun cunkushe a kan benci uku, sauran suna ƙasa. A gaban allo malamar lissafin nan ce da ya sa aka canja, tana koya musu rabawa da murafen kwalba. Ba wanda ya sa ta, lokacin hutunta take ba su.

A layi na biyu, a kan bencin da aka tokare da bulo, ya ga Auta.

Ta miƙe a hankali, murafen hannunta suka zube.

"Baba, don Allah kar ka yi fushi. Ban gaya wa Mama ba. An ce idan mu muka rubuta, za mu ɓata wa makaranta suna."

Ya san maganar sarai. Kalmominsa ne, shi ya faɗe su a taro. Shugaban makarantar ya fara in'ina, zufa na keto masa.

"Wallahi ranka ya daɗe, ban san 'yarka ba ce..."

Malamar ta ajiye alli ta ce, "Ni ma ban sani ba. Amma ranka ya daɗe, duk waɗanda ke zaune a nan 'ya'yan wasu ne."

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya durƙusa yana taya Auta tsince murafen.

Ya yi iya ƙoƙarinsa a buɗe rajista, abin ya faskara. Ranar jarrabawa Auta ta tsaya a bakin ƙofar gida tana kallon ƙawayenta suna wucewa da fensir da rula. Yana zaune a falo yana hangen bayanta, ya kasa fita aiki.

A taro na gaba ya tashi a gaban mutanen da ya koya wa dabarar, ya ce kuskure ya yi. Aka rufe ɗakunan, aka mayar da yaran cikin 'yan'uwansu, aka tsara darasin rana irin na malamar a kowace makaranta. Shekarar farko makin yankin ya faɗi, ya sha surutu daga sama. A shekara ta biyu ya fara hawa, kuma a wannan karon kowane yaro ya zauna jarrabawa.

Auta ta ci tata bayan ta maimaita aji. Amma shekarar da ta rasa ba ta dawo ba, kuma ya san wanda ya cinye mata ita.

Darasi: Ba a gyara sakamako da ɓoye yaran da suka rage a baya, ana gyara shi ne da zama a koya musu. Kafin ka yanke hukunci a kan ɗan wani, ka tambayi kanka ko za ka yarda a yi wa naka. Ku tura wa malamai da iyayen da kuka sani, wataƙila wani yaro ya fito daga irin wannan ɗakin ta dalilinku.