Aikin da Farfesa Ya Sa Aka Kashe

Akwai wani farfesa, shugaban wata cibiyar bincike, da ake wa laƙabi da Gaggawa. Shi ko a layin wanke hannu ba ya tsayawa.

Babbar kwamfuta ɗaya ce a cibiyar, kowa ita yake tura wa lissafi. Kowane sashe da awanninsa na amfani da ita a shekara, kuma aiki layi yake bi. Mai kula da ita mutum ne mai sanyi, ana ce masa Mai Layi.

Wata Litinin Farfesa ya tura wani ɗan gwaji, ya ga an sa shi na tara. Ya sauko ɗakin injinan yana huci. A allo ya hango lissafin da ya tare hanya: kwanansa goma sha tara yana tafiya, da sunan wata dakta mai shiru-shiru wadda ko gaisuwarta ba ya amsawa.

Ya ce a kashe shi. Mai Layi ya roƙe shi, ya ce saura kwana biyu ya gama, kuma in aka tsayar sai dai a faro daga farko.

"Ranka ya daɗe, a kira ta tukuna mana."

"Ni zan jira wannan? Kashe."

Mai Layi ya sa shi ya sa hannu a takarda, sannan ya danna.

Ba a yi awa ɗaya ba mataimakin Farfesa ya faɗo masa ofis a guje. Ashe lissafin nan na Farfesa ne, na rahoton da masu ɗaukar nauyinsa ke jira ranar Juma'a, in babu su janye hannu. Awannin sashensu sun kusa ƙarewa tun wancan watan, tsoro ya hana mataimakin faɗa masa. Daktar ce ta ajiye nata binciken ta ba su awanninta.

Jama'a, Farfesa ya miƙe ya fita. Sai ga shi a ƙofar daktar, karon farko a shekara shida.

Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Da da saura, Farfesa, wallahi da na ƙara maka. Su ke nan gare ni."

Juma'a ta zo, ba shi da abin turawa.

Darasi: wanda kake tunkuɗewa a layi, wataƙila kayanka ne a kansa. Tambaya kafin ka yanke. Ku tura wa mai gaggawar da kuka sani.