Baƙin Zaren Ƙasar Zamarun

Akwai wata budurwa a Tudun Wadan Zariya mai suna Bahijja. Tun tana ƙarama ba ta iya zama wuri ɗaya, ko ta zauna ma hankalinta yana can wata duniyar. Da ta samu waya sai ta fara rubuta labari, tana turawa a wani gurup na WhatsApp da ta buɗe.

Labarin nata ba a duniyar nan yake ba. Ƙasa ta ƙirƙira, ta sa mata suna Zamarun. Mutanen ƙasar kashi biyu ne: 'ya'yan gida, waɗanda ake kira miranai, da bayi, waɗanda ake kira kelmai. Kelmu yakan ɗaura baƙin zare a wuyan hannunsa na hagu. Ba ya kallon fuskar miran, inuwarsa yake kallo. Ba a kiran sunansa, tafi ake yi masa ya zo. In zai gaida ubangidansa sai ya durƙusa ya ce, "Inuwarka ta daɗe."

Labarin soyayya ne tsakanin ɗan sarkin Zamarun da wata kelmu mai ɗebo ruwa. 'Yan mata suka kamu da shi sosai. In Bahijja ta makara ba ta turo ci gaba ba, wayarta ba ta hutawa.

Ita ma tana da nata masoyin. Sunansa Khubaib, malamin lissafi ne a wata sakandare, yana zaune a unguwar Hanwa da mahaifiyarsa Inna Ishatu da ƙanwarsa Sharifa. Mutum ne mai ƙarancin magana. Yakan zo zance da yamma, ta yi ta ba shi labarin Zamarun yana saurare, har a kira magariba.

Sai dai akwai abin da ake raɗawa a kan gidansu. An ce kakan kakansa bawa ne a gandun wani mai arziki a bayan gari. Da maganar aure ta taso, goggon Bahijja ta zo har gida ta ce su gidan malamai ne, ba su haɗa jini da irin waɗannan. Bahijja ta yi kuka, ta ƙi cin abinci, ta ce ita ba ruwanta da asalin kowa. Mahaifinta, Malam Mika'ilu, ya tsawata wa 'yar'uwarsa. Ya ce yaro yana sallah, yana da sana'a, a bar shi ya turo manyansa bayan Babbar Sallah.

A daidai lokacin ne 'yan gurup suka fara wani wasa. Fareeda, ƙawar Bahijja da ke taya ta kula da gurup ɗin, ita ta kawo shi. Tsofaffin 'yan gurup su ne miranai. Duk wadda ta shigo sabuwa kelmu ce: ba ta magana sai an tura mata alamar tafi, kuma sai ta fara da "Inuwarku ta daɗe." In ta yi sharhi mai daɗi a kan labarin, sai miranai su 'yanta ta, a yi ta barkwanci.

Sharifa ta shigo gurup ɗin saboda son wadda yayanta zai aura. Yarinya ce mai kunya, amma tana karanta kowane shafi, tana rubuta sharhi mai tsawo. Waɗanda suka shigo tare da ita aka 'yanta su. Waɗanda suka zo bayanta ma aka 'yanta su. Ita kuwa kullum sai Fareeda ta samo dalili: yau ta manta gaisuwa, gobe sharhinta ya yi tsawo.

Bahijja ta lura. Abin ya riƙa sukar ta, takan ɗauki waya za ta yi magana, ta rubuta ta goge. Amma wasan yana jawo mata masu karatu, har daga Dutsen Abba da Tudun Jukun ake roƙon a saka su. Kuma a gurup ɗin Sarauniyar Zamarun ake kiran ta, sunan yana yi mata daɗi. Sai ta ce wa kanta ai wasa ne, za ta gyara daga baya.

Da ta kammala kashi na farko na labarin, suka shirya walima a tsakar gidansu wata Asabar da la'asar. Aka yi zoɓo da cincin da dambun shinkafa. Fareeda ta ce a yi komai yadda ake yi a Zamarun. Miranai suka hau kujeru. Kelmu ɗaya ce ta rage a gurup ɗin gaba ɗaya, wato Sharifa.

Fareeda ta ciro baƙin zare daga jakarta ta ɗaura wa Sharifa. Aka shimfiɗa mata tabarma kusa da takalma. Wannan ta tafa, ta kawo mata zoɓo. Waccan ta tafa, ta kwashe kwano. Sharifa tana yi tana murmushi, tana satar kallon Bahijja.

Wata ta ce yarinyar nan ta iya abin kamar ta daɗe tana yi.

Fareeda ta kurɓi zoɓo ta ce, "Ai ita ba koyo ta yi ba. Gado ne."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Bahijja ta ji sarai. Ta miƙe, ta koma ta zauna, ta shiga duba wayarta kamar an kira ta. 

Khubaib ya zo ɗaukar ƙanwarsa a kan babur kafin magariba. Sharifa ta fito da sauri, ta manta zaren yana hannunta. Ya tambaye ta zaren na mene ne, ta ce ba komai. Ya sake tambaya, sai hawaye. Ya aika aka kira Bahijja zaure.

Ta fito tana gyara mayafi, tana bayani tun kafin ta ƙaraso. Ta ce wasa ne, kowa ya bi ta nan, Fareeda ce bakinta ba linzami. Ta ce, "Kai ma ka karanta labarin. Ka san kelmu ce tauraruwarsa."

Ya ce, "Na karanta. Ta cikin labarin kin tsaya mata. Ta tsakar gidanku fa?"



Ya ƙara da cewa, "Tun ina firamare ake jifa na da kalmar nan ta ainihi, wato bawa. Amma mai faɗinta yakan waiga tukuna, yana jin kunya. Ke kin ba su wadda za su faɗa suna dariya."

Ya tsinke zaren daga hannun ƙanwarsa, suka hau babur suka tafi.

Daga ranar Bahijja ta rasa sukuni. Ta cire Fareeda, ta hana wasan, daga baya ta rufe gurup ɗin gaba ɗaya. Ta tura wa Khubaib saƙo ya fi a ƙirga. Yakan amsa gaisuwa, ya tsaya nan. Duk babur ɗin da ya tsaya a layinsu sai ta leƙa ta taga. Ta ɗora tukunya ta bar ta ta ƙone. Ta ɗauki littafi ta ajiye.

Sallah ta zo ta wuce. Ranar da aka sa, Malam Mika'ilu ya sa aka share zaure, aka shimfiɗa darduma, ya tara 'yan'uwansa. Mutum ɗaya ne ya zo, kawun Khubaib. Ya gaisa cikin ladabi, ya ce a yi musu haƙuri, sun janye.

Washegari Bahijja ta hau Keke Napep ta tafi Hanwa. Inna Ishatu ta karɓe ta hannu biyu, ta sa Sharifa ta kawo mata ruwa. Bahijja ta durƙusa ta ba su haƙuri tana kuka. Sharifa ta ce ita ta yafe tun ranar.

Inna Ishatu ta ɗago ta, ta share mata hawaye da gefen zaninta. Ta ce ta san ba ita ta faɗi maganar ba, kuma ta ji irin faɗan da ta yi da goggonta a kansu.

Sannan ta ce, "'Yar nan, ni ba goggonki nake tsoro ba. Irinta mun saba. Abin da nake tsoro, wata rana a faɗa wa jikana wannan magana a gabanki, ke kuma ki duba waya."

Bahijja ta jira ko Khubaib zai dawo daga makaranta. Inna ba ta kore ta ba, ba ta kuma ce ta jira ba. Da rana ta yi sanyi ta tashi ta yi sallama.

Ta sauka daga Keke a bakin layinsu daidai lokacin da ake tashi daga Islamiyya. Wasu 'yan mata ƙanana sun kewaye wata, suna tafa mata, suna kiran ta kelmu. Ba su taɓa karanta labarin ba, a bakin yayyensu suka ji. Bahijja ta kutsa ta janye yarinyar, ta ce kada ta sake jin kalmar nan a bakinsu.

Babbar cikinsu ta kalle ta ta ce, "Anti, ai an ce ke kika ƙirƙiro ta."

Darasi: Wulaƙanci ba ya zama wasa don an sake masa suna, kuma shirun mai ikon hanawa ya fi maganar mai zagi ciwo. In kin ce kina son mutum, ki tsaya wa nasa a lokacin da ake taka su, ba bayan an watse ba. Ku tura wa 'yan gurup ɗinku, wataƙila akwai wata a cikinsu da ke murmushi alhali ana cin mutuncinta.